Sunan da Rauta Take Kira

Ku matso. Kai Mudansir, kife wayar nan a tabarma, haskenta yana shigar mini ido. Wanda ya san zai ji tsoron fita fitsari ya je ya yi tun yanzu, don ni yau ba na rakiya.

Mutumin da zan ba ku labarinsa, Baban Ayashe ake ce masa. Haka zan kira shi har in gama. Kada wanda ya tambaye ni wani sunan.

Gidansa yana can ƙarshen unguwa. Dogon gida ne irin na gado, zaure da falo a gaba, tsakar gida mai tsawo, sai ɗaki ɗaya a can ƙurya. Bayan katangar ɗakin nan akwai tsohuwar marina. Tun zamanin kakanni aka daina rini a wurin. Ramukan suna nan sun bushe, ko akuya ba ta kiwo a gefensu.

Shi da matarsa Barira sun binne 'ya'ya uku. Kowanne sai an yi suna, an fara kiransa ana yi masa wasa, sai zazzaɓin tsakar rana ya zo ya ɗauke shi. Da aka haifi ta huɗu, mahaifiyarsa Iya ta tsaya kai da fata, ta ce wannan kam ba mai jin sunanta. Kun san ana cewa raɗin suna. To nata raɗi ne na gaskiya. Daga bakin uban zuwa kunnen liman, daga bakin liman zuwa kunnen jaririya, shi ke nan aka rufe. Iya ta laƙaba mata Ayashe, wato a yashe ta, ba mai so, don masu ɗauka su ji su wuce.

Yarinya ta rayu. Ta yi wayo, ta shiga makaranta, ga surutu kamar rediyo.

Amma abin yana cin uban a rai. Shi ya zaɓi sunan nan, suna mai daɗi, ga shi ko sau ɗaya bai taɓa kiran 'yarsa da shi ba. Kuma ya san zafin abin a jikinsa. Shi ɗan fari ne, Iya ba ta taɓa faɗin sunansa ba saboda kunya. Daga "kai" sai "wancan", har aka haifi yarinyar ya koma Baban Ayashe. Ya tashi yana jin tana kiran ƙannensa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ko da kuskure. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma abin yana nan kwance a zuciyarsa.

To da ya sayi rauta, akwatin nan mai ƙahoni biyu da ke raba waifai, ya zo wurin da ake sa mata suna, sai ya tsaya. Ya duba hagu ya duba dama. Ya rubuta sunan yankan Ayashe.

Da Barira ta gani a wayarta gabanta ya faɗi. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, Iya faɗin sunan ta hana, ba ta hana rubutawa ba. Ita Iya ba ta karatun boko, ba ta san abin da ake ciki ba. Aka yi shekara ba abin da ya faru, har Barira ta saki jikinta. Abin da ba su lura da shi ba, rautar tana falo ne, sabis ɗinta kuwa iyakarsa igiyar shanya a tsakar gida. Kana wuce igiyar nan ya ɗauke.

Sai ciwon gwiwa ya kwantar da Iya a ɗakin ƙurya. 'Yarta da ke aure a Legas takan kira ta ta bidiyo, ga shi sabis ba ya kaiwa can. Sai an tallafo tsohuwa an kawo ta gindin igiyar shanya tana nishi. Baban Ayashe ya ga abin bai yi ba. Ya je kasuwar 'yan waya ya samo rauta ta biyu, ta hannu.

Mai shagon ya yi masa bayani. Ya ce ya ja kebul daga ta falo zuwa wannan, ya soka a ramin mai ruwan ɗorawa, kada ya kuskura ya soka a shuɗin. Ya ce ya shiga cikinta ya kashe mata raba wa wayoyi lamba, ya bar wa ta falo wannan aikin, in ba haka ba su biyun za su yi ta rikici waya ta rasa wa za ta bi. Sannan ya sa mata suna iri ɗaya da ta farko, da kalmar sirri iri ɗaya, yadda in mutum ya taso daga falo zuwa ƙurya wayarsa za ta sauya hannu bai ma sani ba.

Yana naɗe masa ita a leda ya ƙara da wasa, ya ce rauta ai sanƙira ce, ba ta yin shiru. Dare da rana shelar sunanta take yi a iska, ga ni nan, ga ni nan, mu ne dai kunnenmu ba ya ji. Baban Ayashe ya yi dariya ya karɓi kayansa.

Ranar Lahadi ya yi aikin. Ya hau tsani yana bin gindin rufi da kebul, yana kafa ƙananan ƙusoshi, Ayashe tana ƙasa tana yi masa surutu. Ya kafa rautar a saman bangon ɗakin Iya, daidai ƙaramar tagar da ke kallon baya. Ya soka kebul inda aka ce. Ya kashe abin da aka ce ya kashe. Ya rubuta sunan, harafi bayan harafi, yana murmushi.

Fitilu suka kama, kore shar.

Don ya ga iya inda sabis ya kai, sai ya buɗe ƙofar baya ya fita yana kallon waya. Ya yi taku, sabis cike. Ya ƙara gaba, cike. Har ya tsinci kansa a bakin ramukan marina, sandunan sabis ba ko ɗaya da ta ragu. Ya ce kai, wannan ta hannun ta fi sabuwar ƙarfi. Wurin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu. Wani wari-wari ya bugi hancinsa, irin na tsamin shuni, amma bai kawo komai a ransa ba.

Da yamma Iya ta yi hira da 'yarta tana kwance a gadonta. Ta yi ta sa masa albarka har ya ji kunya.

Ba a jima ba Ayashe ta fara amsa kira.

Suna cin abincin rana ta ɗaga kai ta ce, "Na'am." Barira ta ce wa ya kira ki? Yarinya ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ba Ayashe aka ce ba, wani suna ne, amma ta ji a jikinta da ita ake. Barira ta ajiye cokali. Ta kalli mijinta, shi kuwa ya kawar da kai ya ce yara ne da shirme.

Washegari ta sake. Jibi ma haka. Kullum sai rana ta take, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Sai a gan ta tsaye a tsakar gida ta wuce igiyar shanya, ta zuba wa bangon ƙurya ido. Surutun nan duk ya ɗauke. Zazzaɓi ya fara zuwa da azahar, ya sauka da la'asar. An je asibiti an auna jini ba a ga komai ba. Da Barira za ta yanke mata farce, ta ga gindin faratan sun yi shuɗi-shuɗi. Ta wanke da sabulu, ta goga da toka, bai fita ba.

Barira ta roƙe shi ya cire sunan nan. Ya ce to, zai cire. Amma zuciyarsa ta ƙi yarda, don in ya yarda sunan ne, ya yarda shi ya jawo ke nan. Ya ce ai shekara guda sunan yana nan ba abin da ya faru. Ya yi ta cewa gobe.

Ke Kulu, daina matse mini hannu. Ban ma zo wurin ba tukuna.

Ranar da abin zai faru, tun safe aka ɗauke wuta. Zafi kamar me. Barira ta shiga maƙwabta neman ƙanƙara saboda jikin yarinyar, Iya tana barci, shi kuma yana zaune yana yi wa Ayashe fifita a falo. Bai san lokacin da gyangyaɗi ya sace shi ba. Da ya farka, tabarma ba kowa.

Ya leƙa tsakar gida. Ƙofar baya a buɗe.

Ya fita ko takalmi babu. Rana ta take, ƙasa tana ƙona masa tafin ƙafa. Can ya hango ta tsaye a bakin ramin tsakiya, ta juya masa baya. Kusa da ita wata mata ce zaune a gefen ramin, ta zura ƙafafunta ciki. Ta yafa baƙin zane. Hannuwanta shuɗi ne har gwiwar hannu, kamar wadda ta wuni tana rini, kuma da ɗaya ta riƙe bakin rigar Ayashe.

Ramin nan ya san shi, busasshe ne, ban da yashi da leda ba komai a ciki. Amma duk sanda matar ta motsa ƙafa sai ya ji ƙarar ruwa.

Ya yi sallama. Ba ta amsa sallamar ba. Ta juyo ta kalle shi, bakinta ya motsa, ba sauti. Sai da ta rufe bakin sannan maganar ta iso, kamar bidiyon da sabis ya yi wa rauni.

"Maƙwabci. Mun gode."

Ya ce, "Baiwar Allah, sakar mini 'yata."

Bakin ya sake motsi. Ya tsaya yana jiran maganar ta zo, wallahi jiran nan ya fi maganar tsoro.

"Ukun farko da sunansu muka same su. Wannan aka ce mana an yashe ta. Muka haƙura. Sai ga shi kana kiranta har cikin ɗakinmu."

"Ban taɓa faɗin sunanta ba."

"Akwatinka yana faɗa. Ba ya ko numfasawa. Yaranmu ba sa barci."

Nan maganar mai shago ta faɗo masa. Sanƙira ce, ba ta yin shiru. Shekara guda ta falo tana shela, muryarta ba ta wuce igiyar shanya. Shi da hannunsa ya ja kebul, ya hau tsani, ya kai mata baki har tagar da ke kallon marina.

Ya fara karanto addu'a, harshensa ya yi nauyi amma ya daure. Matar ta ɗan sunkuyar da kai har ya kai aya. Sannan ta ce ita ba ta shiga gidansa ba, ba ta tsallake katangar kowa ba. Kira aka yi, suka maimaita, yarinya ta amsa da bakinta.

Ya kama hannun Ayashe ya ja. Kamar ya ja bishiya. Idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa, yatsun ƙafarta sun riga sun leƙa bakin ramin.

Ya ce zai je ya kashe akwatin yanzun nan. Sai ya tuna ai babu wuta tun safe, kuma ta ƙuryar ba ta da batir. Ya zaro wayarsa daga aljihu. Ga sunan 'yarsa nan a sama, sanduna cike.

Ya shiga shafin da ake saita rautar. Bai yi zaton zai buɗe ba, sai ga shi ya buɗe. Ya goge sunan tas, ya danna a ajiye. Ta ƙi. Ba ta karɓar wurin suna a wofi. Ya rubuta "gida". Kafin ya danna ya ji dariya ta iso, bakin matar kuwa tuni ya rufe.

"Gida ba ya amsawa," in ji ta. "Mu ba ma riƙe suna, abin da ake kira shi muke ji. In ka sauya za mu manta da nata. Amma mun riga mun taso. Ba ma komawa hannu rabbana."

Ta ɗan ja rigar. Ayashe ta matsa taku guda, yashi ya zuba cikin ramin, ya ji ya faɗa ruwa.

"Sa mai amsawa," ta ce.

Ya tsaya. Sunaye suka yi ta zuwa masa, ba zan ɓoye muku ba. Akwai wanda ya taɓa cutarsa a wurin aiki, akwai maƙwabcin da ba sa ga maciji. Kowanne yana da suna, kowanne yana amsawa. Ya ji kunyar kansa da tunanin ma ya zo masa. Ya kalli ƙeyar 'yarsa, da kitson da Barira ta yi mata shekaranjiya ya fara tsefewa.

Ya ce, "Ni na yi kiran. Ba ita ba."

Ya rubuta sunansa na yanka. Ya danna.

Kun san in an sauya wa rauta suna sai ta mutu ta sake tashi. A ɗan tsakanin nan komai ya ɗauke, har iska. Sannan sabon sunan ya fito a wayar. Matar ta karkata kai kamar mai sauraron abu daga nesa. Yatsunta suka saki rigar ɗaya bayan ɗaya. Ayashe ta sulale, ya tare ta kafin ta kai ƙasa, ya saɓa ta a kafaɗa ya juya.

Bai yi nisa ba ta kira shi. Wannan karon maganar ba ta makara ba, a cikin kunnensa ya ji ta, cikakken sunansa, a hankali. "Na'am" ta taso masa har maƙogwaro, don tun yana yaro haka aka koya masa. Ya datse harshensa da haƙori har ya ji gishirin jini.

"Ba komai," in ji muryar a bayansa. "Ba ma sauri. Wata rana za ka amsa."

Bai waiwaya ba har ya shiga gida ya danna sakata.

Kafin la'asar zazzaɓin ya sauka. Ayashe ta farka ta ce yunwa take ji, ba ta tuna komai ba. Shuɗin faratan ya bi su yana fita da suka yi tsawo. Ya durƙusa gaban gadon Iya ya faɗa mata duk abin da ya yi, Barira tana bakin ƙofa tana kuka. Ya zaci tsohuwa za ta yi faɗa. Sai kawai ta ce daga yau a gidan nan sunaye biyu ne ba a faɗa. Ta ce, "Ni dama ban taɓa faɗar naka ba."

Ya ɓalle rautar daga bango, ya farfasa ta da taɓarya, ya ƙona. Ya tsinke kebul ɗin. Ta falo ma ya sauya mata suna ya bayar da ita. Ya sa aka toshe ƙofar baya da bulo. Duk da haka, in ka tsaya a ƙuryar gidan ka duba waya, za ka ga waifai guda ɗaya da sunan namiji, sanduna cike, ba ya ma neman kalmar sirri.

Haka ya ci gaba da rayuwa. A wurin aiki ya roƙi kowa ya riƙa ce masa Baban Ayashe. In wani tsohon aboki ya hango shi a kasuwa ya ƙwala masa kira da sunansa, ba ya juyowa, har wasu suka ce girman kai ya shige shi. In an kira suna a asibiti sai dai ya ɗaga hannu. Mutanen ramin nan sun gwada shi da muryar Barira, sun gwada shi da muryar abokansa, kullum da tsakar rana. Bai amsa ba.

Bayan wasu shekaru Iya ta rasu. Ya yi kuka sosai, don yana son uwarsa. Bayan an share makoki, baƙi sun watse, wata rana yana zaune shi kaɗai a tsakar gida da azahar. Sai ya ji an kira shi daga ɗakin ƙurya.

Muryar Iya ce. Har da ɗan nishin nan da take yi in gwiwa ta motsa mata. Ta kira sunansa na yanka, a hankali, da taushi, yadda ya ji tana kiran ƙannensa tun yana ƙarami.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya wuce igiyar shanya. Duk tsawon rayuwarsa abin da yake so ya ji ke nan, sunansa a bakin uwarsa. Ta sake kira. Ya buɗe baki.

Sai ya tuna. Iya ta shekara hamsin da ɗoriya tana kallonsa, ta ga ciwonsa ta ga lafiyarsa, har ta koma ga Allah kunya ba ta bar ta ta faɗi sunan nan ba. Ba za ta fara yau ba.

Ya rufe bakinsa da hannu biyu. Ya zauna a ƙasa a wurin, cikin rana, yana hawaye. Muryar ta yi ta kira, shi kuma yana saurare, don ko ta ƙarya ce ya kasa toshe kunnensa. A nan Ayashe ta dawo daga makaranta ta same shi. Ta ce Baba me ya faru, ya ce ba komai, kakarki na tuna.

Yana nan da ransa. Wasunku ma sun gaishe shi ranar Juma'a ba su sani ba.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In an sa ku saita waifai a gida, ku sa masa sunan tukunya ko na takalmi, kada ku sa na mai rai. Hanyar tsohuwar marina kuwa, kada in ji wani ya bi ta shi kaɗai, balle da rana tsaka. In kuma tsautsayi ya kai ku, wayarku ta nuna muku wani waifai a buɗe da sunan mutum, ku mayar da ita aljihu. Kada ku karanta shi a fili.

Mudansir, me kake dubawa a wayar? Kashe ta mu kwanta.